Tambaya ta Bakwai a Fom Ɗin Makaɗa

Har yau ranar Litinin ɗin da Hajiya Manaja ta kira ni ofishinta ta miƙo min wata takarda a ninke ba ta fita daga raina ba. Saura shekara biyu in yi ritaya a lokacin, ina shugaban sashen shirye-shirye a gidan rediyon nan namu na Azare. Ku da kuka zo daga baya kuna yawan tambayata me ya sa fom ɗin ɗaukar makaɗa ya yi tsalle daga tambaya ta shida zuwa ta takwas, har wasunku na ɗora laifin a kan mai buga takardu. Ku bar baiwar Allah ta huta, ba laifinta ba ne. Ni na rubuta ta bakwai ɗin, ni kuma na soke ta, ga kuma yadda aka yi.

Saboda waɗanda ba su san aikinmu ba, bari in ɗan yi bayani. Tsakanin shiri da shiri, da kuma ƙarƙashin muryar mai karanta talla, akwai ɗan kiɗan da ake sawa. Da can daga faya-fayan mutane muke ɗebo shi, sai masu abin suka fara ƙorafi, hukumar gidan ta ce a ɗauki makaɗi na gida, cikakken ma'aikaci, ya riƙa yi mana namu. Jita aka zaɓa, domin tana lafewa a ƙarƙashin murya ba ta danne ta. Kalangu kuwa in ya shiga tallan takin zamani, babu mai jin sunan takin. Aka ce ni zan tsara fom da yadda za a yi gwaji, tunda ni kaɗai ne a gidan nake taɓa jita.

Ina taɓawa kuwa, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi a kan haka ba. Shekara talatin da ɗoriya ina kaɗawa, kowa a gidan nan ya gaji da jin cewa Malam Isa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. 'Yan makarantar kiɗa kuwa ban ɗauke su a bakin komai ba. Na taɓa ganin wani ya zo da takardar shaida mai tambari, aka ɗauke masa takardar kiɗan daga gabansa, hannunsa ya tsaya cak. Tun daga ranar na yanke cewa darasi kashe hannu yake yi. Saboda haka da na zo tambaya ta bakwai sai na rubuta: "Shin wani malami ko wata makaranta ta taɓa koya maka jita? In amsar e ce, kada ka ci gaba da cike wannan fom." A ƙasa na ƙara cewa duk wanda aka samu ya faɗi abin da ba haka ba, a bakin aikinsa, ko da an riga an ɗauke shi.

Hajiya ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Isa, wannan ta bakwai ɗin ba ta yi tsauri ba kuwa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, hannun gida muke nema, ba na littafi ba."

Ta ce, "To, kai ka san kiɗa." Ta sa hannu.

Mutum goma sha ɗaya suka zo gwaji. Kowa zai yi abu uku: ya kaɗa nasa, ya bi mai karanta sanarwa ba tare da ya rufe mata murya ba, sannan in rera masa wani sauti da baki ya ɗauko shi nan take. Biyu ne suka yi fice. Akwai Nasiru, saurayi ɗan cikin gari wanda ya gama karatunsa, da jitarsa mai sheƙi a cikin jaka mai zif. Akwai kuma Habu, ɗan acaɓa daga Chinade, magidanci ya kusa arba'in, wanda ya zaro tasa daga cikin buhun taki. Biyu daga cikin tsirkiyoyinta zaren wayar birkin babur ne da ya warware. Masu gadi har dariya suka yi masa a ƙofa. Da ya fara kaɗawa dariyar ta tsaya, mai karanta sanarwar ma sai da ta rasa layin da take. Ni na fi kowa murna, na riƙa nuna shi ina cewa ga abin da nake faɗa muku, ga baiwa tsantsa.

Aka ba shi takardar kama aiki. Ƙa'idar ita ce wata uku na gwaji, in ba a samu wata matsala ba a tabbatar da mutum. Habu ya miƙa wa wani maƙwabcinsa babur ɗin. Ya gaya min cewa tun da wata mota ta buge shi a hanyar Misau gwiwarsa ta hagu ba ta koma daidai ba, kullum in ya tashi aiki sai matarsa ta gasa masa da ruwan zafi, likita kuma ya ce in ya ci gaba da hawan babur wata rana ƙafar za ta ƙi lanƙwasuwa. 'Ya'yansa uku. Aikin nan namu shi ne hanyar da zai sauka daga kan babur, kuma ya san haka.

Yana cikin mako na bakwai takardar nan ta iso. Ƙorafi ne daga Nasiru, wanda ya zo na biyu. Ya ce Habu ƙarya ya yi a tambaya ta bakwai, yana da malami, kuma duk Talata da Alhamis bayan la'asar yana zuwa ɗaukar darasi a wajen kasuwa. Yadda ake yi a gidan nan in irin haka ta taso shi ne a sa jami'i ɗaya ya yi bincike cikin sirri na mako biyu, ya rubuta rahoto, sannan kwamitin mutum uku ya zauna ya saurari kowa.

Hajiya ta ce, "Kai ka rubuta dokar, kai ka zaɓi mutumin. Kai za ka bincika."

Na fito ina huci. Na ce hassada ce kawai, yaro ya sha kaye ya kasa haɗiyewa. Amma zargi mugun abu ne, in ya shiga kunne ba ya fita ta ɗayan. Washegari na tsaya a bayan gilashin situdiyo ina kallon Habu yana aiki, a karon farko ba sauraronsa nake yi ba, kallon hannunsa nake.

Abin da na fara gani shi ne babban yatsansa. Mu da muka koya da kanmu damƙe wuyan jita muke yi kamar ƙotar fartanya, babban yatsa ya leƙo ta sama. Na Habu a bayan wuyan yake a kwance, ba ka ganinsa sam. Na biyu, in zai saita tsirkiya ba lalube yake yi da kunne kamar ni ba, yana danna tsirkiyar a gida na biyar na wuyan jitar ne ya gwada ta da ta ƙasa da ita, ɗaya bayan ɗaya, bi da bi. Na uku, kafin ya shiga kiɗa diddigensa na buga ƙasa sau huɗu. In ya gama kuma sai ya ciro wani tsumma ya goge tsirkiyoyin. Waɗannan duk zan iya cewa ya tsinta ne a wani wuri. Wanda ya tsaya min a rai shi ne na ƙarshe: duk lokacin da ya yi kuskure, sai ya tsaya ya ɗan juya kai hagu, kamar mai jiran a yi masa magana. Babu kowa a hagunsa, bango ne.

Da aka tashi na same shi yana naɗe waya, na ce masa kamar da wasa, "Habu, wannan riƙon naka fa na manya ne. Wa ya nuna maka?"

Ya ce, "Haka dai na ga hannuna yana yi, Malam."

Bai ɗago ya dube ni ba, ya ci gaba da naɗe wayar da ta riga ta naɗu.

Daga nan komai nasa ya zama abin zargi a wurina. Buhun takin nan ma na fara tunanin ko da gangan ya zo da shi, don ya san irin abin da ke burge ni. Wayar birkin ma haka. Gaisuwar da yake min har ƙasa kowace safiya na ce ta mai laifi ce. Na je na buɗe rajistar shiga da fita ta ƙofa: duk Talata da Alhamis, ƙarfe huɗu da kwata, ga sa hannunsa na fita. Ranar Asabar na hau babur na tafi Chinade da sunan gaishe da wani tsohon abokina, na bi ta bayan gida da tambaya. Aka ce min tun yana yaro yake ɗaure waya a jikin gwangwani, mahaifinsa limamin unguwarsu ne, ya yi faɗan har ya gaji ya zuba masa ido. Wani dattijo ya ce, "Nan garin babu mai wannan abin da zai koya masa. Sai dai ko can wurinku." Na dawo raina a ɓace. Gaskiyar magana ba dokar nake kishi ba, abin da ke cina shi ne kada a ce ɗan acaɓa ya yi wasa da hankalin Malam Isa a gaban ma'aikata.

Ranar Alhamis na bi shi. Ban ji daɗin faɗin wannan ba, amma haka aka yi: mutum mai furfura, shugaban sashe, yana raɓewa a bayan masu rake yana leƙen ma'aikacinsa. Ya sauka daga Keke Napep a layin 'yan safaya, inda ake sayar da kayan gyaran babur, yana ɗan ɗingishi da buhunsa a kafaɗa. Ya shiga wani shago, ya wuce kanta, ya shige ta bayan katakon da aka jera kaya. Na ba shi minti biyar, sannan na matso na tsaya ina juya wani madubin babur a hannu kamar mai ciniki.

Sai na ji jita. Sautin da muke shiryawa ne na tallan maganin sauro, na gane shi. Ya yi tafiya kaɗan, sai wata murya mai kauri ta ce, "Ba haka ba." Kiɗan ya tsaya, ya sake farawa. "Ba haka ba." Ya sake. A karo na uku babu wanda ya yi magana, kiɗan ya tafi har ƙarshe. Na ajiye madubin na yi sallama na kutsa kai.

Habu na zaune a kan wani tsohon batir, jita a cinya. A hagunsa, a kan kujerar roba, wani dattijo ne ɗan kudu, mai ƙiba, da hular sanyi a ka, hannunsa na hagu a ajiye a kan cinya kamar ba nasa ba. Na san shi a ido, duk mai babur a Azare ya san shi, Baban Ngozi ake ce masa. Habu ya miƙe tsaye har jitar ta kusa faɗuwa.

Dattijon bai ko motsa ba. Da Hausarsa wadda ta fi ta wasunku fita ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kai ne ogan Habu ko? Tun ɗazu nake ganin ƙafarka ta ƙarƙashin katako. Madubin bai yi maka ba ne?"

Na zauna a kan kwali na gaya musu abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba. Baban Ngozi ya saurara har na gama, sannan ya yi dariya.

Ya ce, "Malami? Ni? Bari in gaya maka yadda aka yi. Shekara shida ke nan mutumin nan yana zuwa sayen wayar birki kowane mako. Na ce masa, kai wane irin babur ne da kai mai cin waya haka? Ya ce ba babur ba ne. Na ce kawo in gani. Ya kawo, ya kaɗa, kunnena ya yi ciwo, na ce ba haka ba. Shi ke nan. Ni da can na yi kiɗa a garinmu, na yi a coci a nan ma, sai ciwon nan ya shanye min ɓari ɗaya. Shekara guda kafin Habu ya zo ban yarda an taɓa jita a gabana ba. To ka ce na koya masa, da wane hannun?"

Na ce, "Babban yatsan fa?"

"Ce masa na yi ya sauke shi, ya daina leƙen katangar mutane."

"Gida na biyar fa? Da buga ƙafa?"

Ya ce, "Malam, hira ce. Ba littafi, ba allo, ba biya. Mutum ya zo shagonka yana kuskure, ka yi shiru? Je ka rubuta babu malami. Ni mai sayar da wayar birki ne."

Na juya wurin Habu na ce, "Kai fa, me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Wallahi Malam, ranar da na cike fom ɗin nan ko kaɗan ban kawo Oga Baban Ngozi a raina ba. Na ɗauka malami shi ne wanda ake zuwa wurinsa da littafi. Sai ranar da ka tambaye ni zancen riƙo na kwana ina lissafa abubuwan da nake yi, na rasa guda ɗaya da ba daga kujerar nan ya fito ba." Ya sunkuyar da kai. "Sannan ka san gidanmu. In aka ce ɗan liman yana ɗaukar karatu wurin mai kiɗan coci, kafin maganar ta isa Chinade ta zama wata aba daban."

Baban Ngozi ya ce, "Ni ma shekarata talatin da biyu a garin nan lafiya lau da kowa. Ba na son a ce ina jan mutane bayan shago."

Na fito daga shagon. Na samu abin da na je nema, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Kwana uku ina juya rahoton. A ƙarshe na rubuta shi da irin dabarar da tsofaffin ma'aikata suka iya: ban samu makaranta ba, ban samu littafin darasi ba, ban samu shaidar biyan kuɗin koyo ba, mutumin da ake magana a kansa ɗan kasuwa ne mai shanyayyen hannu. Kowane layi gaskiya ne, na san kuma abin da na tsallake. Na kira Habu gefe na ce masa, "Kwamiti zai sake karanta maka tambaya ta bakwai sau ɗaya. Ka maimaita abin da ka rubuta, ka yi shiru. Sauran ka bar min." Ya ce to.

Kwamitin ya zauna ranar Laraba da hantsi a ɗakin taro. Shugabansa shi ne Alhaji Bappa na sashen mulki, mutumin da ba ya ƙara wa takarda ko waƙafi, ba ya kuma rage mata. Ƙa'ida ta ce duk wanda aka ambata a cikin ƙorafi a gayyato shi, saboda haka aka aika wa Baban Ngozi. Ya zo cikin shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, aka taimaka masa ya hau matakala. Nasiru na gefe ɗaya, Habu na tsakiya. Kujerar da ta rage ita ce ta hagun Habu, nan aka zaunar da dattijon.

Aka karanta ƙorafi, aka karanta rahotona. Aka tambayi Baban Ngozi, ya maimaita maganarsa tiryan-tiryan, har ya ɗaga mataccen hannun da mai lafiyar ya nuna wa kwamiti. Na ga Alhaji Bappa yana gyaɗa kai. A raina na ce an gama.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Malam Habu, zan karanta maka tambayar kamar yadda take. Shin wani malami ko wata makaranta ta taɓa koya maka jita?"

Habu ya dubi tebur, ya dubi hannuwansa. Sannan ya juya kai hagu, yadda yake yi a situdiyo, sai dai wannan karon ba bango ne a wurin ba.

Ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Ga shi nan zaune."

Baban Ngozi ya buga tebur da hannun dama. "Ba haka ba, Habu!"

Habu ya ce, "Haka ne, Oga." Ya juyo wurin Alhaji. "Da ba ya ɗakin nan, wataƙila da na iya. Amma shekara shida mutumin nan yana barin ciniki ya saurare ni. Ba zan iya cewa babu a gabansa ba."

Na miƙe na fara magana, na ce a duba niyya, a duba cewa bai san haka abin yake ba lokacin da ya sa hannu, a duba aikinsa na mako bakwai da babu wanda ya taɓa kuka da shi. Alhaji Bappa ya bar ni na gama, sannan ya ɗauko fom ɗin ya karanta min layin ƙasa, wanda ya ce ko da an riga an ɗauke shi. Ya ce, "Malam Isa, rubutun wa ne wannan?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To mu aikinmu mu bi shi."

Haushi ya sa na juya kan Nasiru na ce, "Kai da ka kawo ƙara, a ina ka koya?"

Ya ce, "A waya, Malam. Wani mutum ne a ƙasar waje yake sa darasi, na ɗaya, na biyu, har sama da ɗari. Duk na bi su, wasu sau goma."

Na ce wa kwamiti, to ga shi kun ji da kunnenku. Alhaji ya sake duba takardar ya ce, "Malami ko makaranta aka rubuta. Waya ba ta ciki." Ban ga laifinsa ba, haka na rubuta. Wanda ya bi darasi ɗari a jere ya tsallake tambayata, wanda aka ce wa ba haka ba a bayan shago ita ta kama shi.

Aka sallami Habu a ranar, aka ba Nasiru gurbin. Ina so ku ji wannan da kyau, domin yana cikinku har yanzu: Nasiru makaɗi ne na gaske, kuma abin da ya rubuta a ƙorafinsa gaskiya ne, kada wani ya fita daga nan yana hararar sa. Da na shiga wurin Hajiya neman ko akwai abin yi, ta ce hukuncin kwamiti ba ya tashi, gurbi kuma ɗaya ne. Ta ƙara da cewa, "Na tambaye ka tun ranar farko." Na rubuta takardar neman a soke tambaya ta bakwai, hukuma ta amince a zamanta na gaba, bayan wata biyu. Lokacin Habu ya daɗe da karɓo babur ɗinsa.

Akwai abin da ban gaya wa kwamiti ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba sai yau. Ranar da na fito daga shagon nan na tuna da wani mutum. Ina ɗan shekara goma sha shida a Misau, akwai wani kofur mai busa a ƙungiyar badujala da ya yi haya a gidanmu. In ina fama da jitar da na aro a zaure, shi kuma zai fita aiki, sai ya tsaya ya sa makullin kekensa ya ture min yatsa daga wannan gida zuwa wancan, ya wuce bai ce komai ba. Kusan shekara biyu yana haka kafin a yi masa canjin wurin aiki. Ko sunansa na gaskiya ban riƙe ba. Shekara talatin ina bugun ƙirji a gidan nan cewa babu wanda ya koya min, ban taɓa ambatonsa ko sau ɗaya ba.

Wata Alhamis bayan an soke tambayar na ɗauki jitata na tafi layin 'yan safaya. Na tarar da su yadda na bar su, sai dai gwiwar Habu na ɗaure da bandeji a kan wando, hular kwanonsa na ƙasa kusa da batir. Na gaya masa an cire tambayar, na kuma roƙe shi gafara.

Ya ce, "Ba komai, Malam. Ka ma yi ƙoƙari, ni ne na ƙi bin maganarka."

Na ce, "Ƙafar fa?"

Ya ce, "Tana nan. Da safe ne take ɗan gardama."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai na zaro jitar na ce bari in ɗan taɓa musu wani abu. Na ɗauko sautin da na fi ji da shi, wanda nake kaɗawa a duk walimar ma'aikata kuna tafa min. Ban yi nisa ba na ji daga hagu, "Ba haka ba."

Na ce, "Oga, shekara talatin fa ina kaɗa wannan."

Ya ce, "Shi ya sa zai ɗau lokaci. Sauke babban yatsan."

Habu ya kau da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Na sauke yatsan. Har yau duk Alhamis ina zuwa, kuma har yau ban kai ƙarshen sautin nan ba tare da an tsayar da ni ba.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, ku da za ku riƙa tsara fom da dokoki bayanmu, ba mai yawa ba ne. A sana'ar nan ban ƙara yarda da mai cewa shi ya koya wa kansa ba, in ka bi a hankali za ka samu wani a hagunsa, ko ya manta da shi ko yana jin nauyin faɗa. Ban kuma ƙara raina mai zuwa da takardar makaranta ba, shi aƙalla ya san sunan malaminsa. Sannan duk tambayar da za ku rubuta wa wani ya amsa da sa hannu, ku fara amsa ta da kanku tsakani da Allah kafin ku kai wa Manaja. Ni ban yi haka ba. Da na cike fom ɗin nan da gaskiya, da ni ma a ta bakwai zan ajiye biro.

Habu na nan a bakin tasha, layin masu zuwa Chinade. In kun ga wani mai furfura a gemu yana miƙe ƙafar hagu kafin ya tayar da babur, shi ne. Ku gaishe shi da kyau, ya kamata a ce abokin aikinku ne.